Yadda na bi sawun sunan kakana, da yadda za ka bi naka

Takarda ce ta tayar da maganar. Ƙanena ya kai takardunsa wani ofishi yana neman gurbin karatu, mai karɓa ya jera su a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan takardar haihuwa, ya ɗora wani a kan ta jarrabawar brebe, ya ce masa waɗannan mutum biyu ne. A ɗaya an rubuta Chékaraou, a ɗayar Chekarao. Yaron ya dawo gida ido ya yi ja, aka ce ni ne babba, in san yadda zan yi. Gyaran ya ci mana wata biyu da kuɗin kabu-kabun da ba na son tunawa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ma'aikacin ya yi mini ranar da na je da kaina: "To Malam, wanne ne na gaskiya?" Na buɗe baki, ban sami abin cewa ba. Sunan kakana ne, wanda ya haifi babana. Ina ɗauke da shi tun ranar da aka sa ni lakkol, ban taɓa tambayar kowa daga ina ya fito ba.

Yau shekara uku ke nan ina bin sawunsa. Ina da wani littafi mai baƙin bango, a cikinsa mutum ɗaya yana da suna uku da rubutu takwas. Na faɗi sunan ne don Shekarau ba na gidanmu kaɗai ba ne, babu unguwar da ba za ka same shi ba daga Mokoyo har Zariya. Wanda yake son ya yi irin wannan aiki a gidansu, ga yadda na bi, har da inda na yi tuntuɓe.

Ka fara cire wani abu daga ranka. Mu ba mu da sunan gida irin na Turawa, wanda ake gada ɗari bisa ɗari daga kaka zuwa tattaɓa-kunne. A wurinmu mutum sunansa da na ubansa ne, wane ɗan wane, in an matsa a ƙara da sana'a ko gari ko sarauta. Abin da kake kira sunan gidanku sunan wani mutum ne guda, mai rai da jini, wanda ya yi noma ya yi aure ya ci bashi ya biya, sai wata rana wani magatakarda ya tambayi ɗansa "wa ya haife ka?", ya rubuta abin da kunnensa ya jiyo masa, rubutun ya daskare. Yawancinmu a nan Maraɗi wannan ranar ba ta wuce zamanin uba ko kaka ba. Don haka mutumin za ka nema. Rubutun zai biyo baya, kuma kada ka sa ran za ka tarar da guda ɗaya tilo da za a ce shi ne na asali.

Kafin ka taɓa takarda ko ɗaya, je wurin tsofaffin mata. Maza za su ba ka labarin yaƙi da sarauta da fatauci, mata ne suka san wa ya haifi wa, wa ya sha nonon wa, wace ce aka saki ta tafi da ciki. Kada ka je da biro da littafi a hannu kamar mai ƙidayar lanho, wato haraji, bakinsu zai mutu. Ka je da goro ko sabulu ko ɗan turare, ka zauna a tabarma, ka bari a gama gaisuwa har ta jikoki. In za ka ɗauki murya da waya, ka faɗa musu, ka ajiye ta gefe su manta da ita.

Ni na fara da amaryar kakana, kishiyar wadda ta haifi babana, ita kaɗai ta rage cikin matansa. Na same ta da hantsi tana tsince wake a faifai. Na ce, "Iya, sunan Malam na zo tambaya."

Ta ɗago ta dube ni. "Kai angona, mi za ka yi da sunan mutanen da sunka riga mu gidan gaskiya? Ko gadon ne bai ishe ku ba?"

Na yi mata bayani. Ta yi dariya, ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ba ni labari na kusan awa biyu, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan ba. "Shi", "mai gidan nan", "Malam". Sai da na koma gida na sake sauraron muryar na lura da wani abu: ko kalmar shekara ba ta fita daga bakinta. Damana take cewa. "Mun yi damana ashirin da shi." "Da damana ta kewayo." Mijinta ya rasu tun kafin a haife ni, amma alkunya ba ta bar ta ta furta kalmar da ta yi kama da sunansa ba. Wannan shi ne katanga ta farko da za ka ci karo da ita. Mace ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin na suruki, ba ta faɗin na ɗan fari. Kada ka matsa mata, rashin kunya ne, kuma ba za ka samu ba. Dabarar ita ce ka tafi da wata jika ko ƴar maƙwabta mai wayo, kai ka riƙa kiran sunaye, tsohuwa ta riƙa cewa "a'a" ko "shi ne". Ko ka tambaye ta wa aka yi wa takwara da shi. Duk gidan da ka ji ana kiran yaro Baba ko Abba ko Maisuna, to sunan wani babba aka ɓoye a jikinsa, ka je ka tambayi sunan yankan yaron.

Ta wannan hanyar na gano abin da ya juya mini aikin gaba ɗaya. Ɗan baffana da muke kira Baba tun muna yara, sunan yankansa Usmanu. Iya ta nuna shi da haɓa ta ce, "Ga mai sunan nan." Ashe Shekarau laƙabi ne. Uwarsa ta daɗe da cikinsa har aka ce ya shekara, sai sunan ya bi shi ya danne na yanka.

A nan ya kamata ka tsaya ka raba sunayen gidanku gida biyu: na yanka, wanda liman ya raɗa ranar bakwai, da na rana, wanda mata suka laƙaba. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo mabiyin tagwaye, Nomau an haife shi lokacin noma, Ɗanladi da Balarabe da Ɗanjuma ranar haihuwarsu suke ɗauke da ita. Duk wanda ke da irin wannan suna a takarda, akwai wani sunan a ƙarƙashinsa. Sannan sunayen yanka su ma suna da inuwarsu: Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba, Umaru shi ne Sanda, Usmanu shi ne Shehu, Musa shi ne Kalla, Ibrahim shi ne Iro. In ba ka riƙe wannan a ka ba, za ka mai da mutum ɗaya mutum uku.

Haka ta faru a gidanmu. Babana a takarda ɗan Chékaraou ne, don ranar da aka kai shi lakkol maƙwabci ne ya raka shi, ya faɗi sunan da unguwa ta sani. Ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan Ousmane ne, don shi malamin allonsu ne ya tsaya masa, ya ba da sunan yanka. Na ukunsu da ya tafi Kano cin rani ya zauna can, ƴaƴansa Shehu suke amsawa. Wa zai dubi takardun mutanen nan uku ya ce ciki ɗaya suka fito?

Akwai wani tarko da ya fi kama mu mutanen Nijar: Mahamane Laouali, Mahamane Sani, Mahamane Salissou, Rabiou, Hamissou. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka Laouali ne uban Mahamane. Ba haka ba ne, suna ɗaya ne. Lissafin Larabci ne na Muhammadu na farko, na biyu, na uku, na huɗu, na biyar a gida guda, har zuwa Achirou na goma. Na ga takardar da aka yanke irin wannan suna biyu, aka mai da rabinsa sunan uba, uban na gaskiya ya ɓace daga takardar ɗungurungum. Haka kuma jerin sunan ba shi da tabbas. Wani ofishi sunan uba yake sa wa a gaba, wani na mai takardar. Ko shugabannin ƙasa ba su tsira ba: an rubuta Mamadou Tandja an rubuta Tandja Mamadou, an rubuta Mahamadou Issoufou an rubuta Issoufou Mahamadou. In ka ga suna biyu a tsohuwar takarda, kada ka yanke wanne ne ɗa wanne ne uba sai wani mai rai ya tabbatar maka.

Sai bayan kunnenka ya cika sannan ka koma ga takardu. Tambayi kowane gida na dangi a buɗe maka akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado. Abin da za ka nema: katin iyali na biyan lanho, tsohon katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa ko wadda kotu ta bayar a madadinta bisa shaidar mutum biyu, takardar satifika, takardar fili ko ta gona, fasfon aikin hajji, littafin soja in akwai wanda ya yi wa Faransa soja. Kada ka ɗauke ko ɗaya daga gidan, ko an ce ka tafi da ita. Ranar da ta ɓace, kai ne ɓarawon gado. Shimfiɗa ta a inuwa a kan farin zane, ka ɗauki hotonta gaba da baya, har da hatimi da sa hannun da ke ƙasa, don sau da yawa hatimin ne zai gaya maka gari da shekara.

Kowace takarda ka ba ta layi guda a littafinka: yadda aka rubuta sunan harafi bayan harafi, irin takardar, shekara, garin da aka yi ta, da gidan da take yanzu. Ka kwafe kuskuren yadda yake. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin gyarawa, ka hana shi. Kuskuren nan shi ne sawun da kake bi.

Don ka karanta sawun, sai ka san kunnen wanda ya rubuta. Magatakardan zamanin Faransa da haruffan Faransanci yake aiki, kuma da yawansu ba Hausawa ba ne, akwai mutanen Dahome da Togo da na yammacin ƙasar nan. Inda muke da "u" ko "w" shi "ou" yake sa wa, shi ya sa Lawali ya zama Laouali, Tasawa ta zama Tessaoua. "Sh" ɗinmu "ch" ne a wurinsa, "c" kuma "tch", kamar Cadawa da ta koma Tchadoua. "J" takan zama "dj", "gi" ta zama "gui": Gidan Rumji, Guidan Roumdji. "S" a tsakanin wasula biyu sai ya ninka ta don kada a karanta ta "z", ka ga Salissou da Issa da Moussa. Yakan ƙara "e" a ƙarshe don a furta "n", ka ga Ousmane da Mamane. Haruffa masu lanƙwasa kuwa babu su a keken rubutunsa, ɗ da ƙ da ɓ duk sun miƙe, shi ya sa allon lisen garin nan, mai sunan tsohon sarki Ɗan Baskore, yake cewa Dan Baskoré, garin kansa ma ya rasa lanƙwasar ɗ ɗinsa. "Ts" ta fi ba su wuya, har Tsibirin Gobir ya zama Tibiri. Wanda harshensa ba shi da "sh" kuma sai ya ji "s": Shu'aibu a nan Chaibou ne, a yamma Saibou. A kan wata takardar kakana ta kotu na sami Sékaraou, na tabbata ba mutumin gulbin nan ne ya rubuta ta ba.

Kada ka manta da namu bakin. Mu a nan "f" takan koma "h", muna cewa tahi da hura, don haka Issoufou da Issouhou mutum ɗaya ne. Muhammadu kuwa ya fi kowa yawan riguna: Mahamadou, Mahamane, Mahaman, Mamane, Maman, Mamadou, Mohamed. Ka zauna da takarda ka rubuta duk yadda za a iya lanƙwasa sunan gidanku da waɗannan ƙa'idoji, ko da ba ka taɓa ganin an rubuta shi haka ba. Da wannan jerin za ka shiga kowane ofishi da kowane rajista. In ka ce wa ma'aikacin meri ya duba maka Chékaraou kawai, zai duba ƙarƙashin harafi ɗaya ya ce babu, alhali mutuminka yana kwance ƙarƙashin "S".

Shekarun da ke kan takardun nan kuma, ka riƙe su da hannu biyu amma kada ka rantse a kansu. Inda ka ga "né vers 1910", ma'anarsa an dubi fuskar mutum an kintata. Wasu an rage musu don su shiga lakkol, wasu an ƙara don a sa su cikin masu biyan lanho. Abin da ya fi takarda shi ne ka ɗaura labari a jikin abin da kowa ya san shekararsa. Tsofaffi ba sa cewa 1945, cewa suke "shekarar da ruwa ya ci gari", lokacin da gulbi ya cika ya rushe tsohuwar Maraɗi da ke cikin fadama aka hau tudu. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce. Mulkin kai 1960, hawan Kunce 1974, yunwar El Buhari 1984. Sai ka tambaya: da ruwa ya ci gari, an yi miki aure? Wa ake goyo a lokacin? Gwaggona ta ce ita ta ɗauki tukunya a ka suka hau tudu, haƙoranta na gaba sun faɗi ba su fito ba. Ka ga ƴar shekara shida ko bakwai ke nan, takardarta kuwa tana cewa a 1945 ɗin aka haife ta. Kakana kuma ya sha gaya musu cewa a Kakalaba yana kiwon awaki shi kaɗai a daji. Ɗan shekara uku ba ya kiwo, don haka na mai da haihuwarsa baya da 1910 ɗin da ke kan takardarsa da ƴan shekaru, na rubuta da fensir.

Rubutun da ya fi daɗe a gidajenmu ba na boko ba ne. In gidanku an yi malami, ko da na zaure ne, nemi gafakarsa. Ta kakana tana rataye a ɗakin baffana, fatar ta bushe ta yi baƙi, ba wanda ya buɗe ta tun rasuwarsa sai don a kaɗe ƙura. Muka yi alwala muka sauke ta. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, an ɗaure su tsakanin kwali biyu da igiyar fata, tawadar ta koma ruwan ƙasa, gefen wasu gara ta ɗan taɓa. A warƙar ƙarshe ta wani ɗan littafin fiƙihu da ya kwafa da hannunsa, ƙasa da inda aka rubuta an gama, ga sunansa nan: Usmanu, ɗan wane, ɗan wane. Kakanni biyu da babu takardar bariki ko ɗaya da ta san da su. Baffana ya karanta, ya sake karantawa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan na biyun, na taɓa jin Inna ta ambace shi sau ɗaya."

In ka samu irin wannan, ka duba warƙar farko da ta ƙarshe da gefe-gefe, nan malamai suke rubuta sunan mai littafi, wani lokaci da haihuwa ko rasuwa. Ka kai wa malamin da ya saba da rubutun warash na ƙasar nan ya karanta maka, ba ɗan Islamiyyar da ya saba da bugun Madina kaɗai ba. Kuma ka sani a ajami mutum sunan yankansa yake rubutawa, da siffarsa ta Larabci. Laƙabi ba kasafai yake shiga ba. Da ban riga na gano Usmanu ta hanyar Iya ba, da na ce littafin wani ne kakana ya aro bai mayar ba.

Daga nan sai iyaka. Babu gidan Maraɗi da ba shi da reshe a Najeriya, tarihin garin ne ya kawo haka. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga baya Faransa da Ingila suka ja layi a tsakiyar dangi, wannan ya koyi rubuta sunansa da "ou", wancan da "u". Saboda haka in ka bi ta Ɗan Isa ka shiga Jibiya ko Katsina neman ƴan'uwa, ka juya jerinka zuwa rubutun can: Shekarau, Usman, Lawal, Salisu, Yusuf. Ka kuma sani cewa a can makarantun boko sun saba laƙa wa yaro sunan garinsu, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari. Ɗan'uwanka na jini yana iya kasancewa yana amsa Jibiya ko Maraɗi a matsayin sunan gida, sunan kakanku bai fito a takardarsa ko sau ɗaya ba.

Ga inda na faɗi. Na shiga Facebook na rubuta sunan da kowane irin rubutu, na sami wasu mutane a wani gari na Najeriya masu irinsa, har kakansu ma daga arewa aka ce ya zo. Muka yi ta waya, muna kiran juna ɗan'uwa. Na yi guzuri na tafi, suka yanka mini kaza, mutanen kirki. Da dare tsohon gidan ya haska fuskata da tocila ya ce, "Ɗana, mece ce askar gidanku?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai. Su maƙera ne kaka da kakanni, askarsu daban, garin da suka taso daban. Shekarau ɗinsu wani ne can da shi ma ya daɗe a ciki. Kama da wane ba ta wane. Har yanzu muna gaisawa da salla, amma na cire su daga littafin. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: suna kaɗai ba ya haɗa ni da kowa, sai abu biyu sun ƙaru a kai, ko sunan uba da gari, ko aska da sana'a.

Tambayar tsohon nan ita ya kamata in fara yi tun a gida. Yanzu an daina yi wa yara tsaga, amma tsofaffi suna ɗauke da ita, kuma wanzamin gidanku ya san ta ko da ba ya yin ta. Wanzanci gado ne, gidan da ya yi wa kakanka aska sau da yawa shi ya yi wa babanka. Bagobiri ba ya ɓoyuwa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan. Je ka gai da tsohon wanzami, ka tambaye shi askar gidanku da ta gidan da kuke zargin kun haɗa kaka.

Maroƙa su ma suna da amfani, amma da sharaɗi. Kirarin gida yakan riƙe sunaye a jere, wane na wane jikan wane, kuma ba ya canzawa da sauƙi don da kiɗa aka haddace shi. Ka saurare shi a wurin biki ko suna, lokacin da ba kai ka sa a yi ba, ka rubuta. In ka kira maroƙi gefe ka ce ya faɗa maka asalinka, kuɗinka zai auna. Ni na ba wani jaka biyu, kafin in mai da hannu aljihu ya riga ya kai ni gadon Ɗan Baskore. Da na ƙara masa ɗaya ina jin har Bayajida za mu kai. Kowa a garin nan yana son a ce da Ɗan Kasawa kakansa ya zo, to in kowa ɗan sarki ne, wa ya tarbe su? Akwai Anna da suka riga kowa zama a gulbin nan, masu gadon noma da farauta da ƙira da ruwa. Akwai fatake, akwai almajirai, akwai waɗanda yaƙi ya kawo ba da son ransu ba. Wannan na ƙarshen shi ne wurin taka-tsantsan. In ka ga tsohuwa ta kai wani suna ta yi shiru ta ce "bar wannan", ka bar shi a ranar. In daga baya ka gano abin da take rufewa, kada ka watsa shi a zauren WhatsApp na dangi. Akwai aurarrakin da irin wannan magana take iya girgizawa har gobe.

Manyan ɗakunan ajiya suna nan ga mai hali da lokaci. A Yamai akwai gidan ajiyar takardun ƙasa, inda rahotannin kwamandojin da suke, akwai kuma IRSH, cibiyar bincike ta jami'a, mai tarin littattafan Larabci da ajami. Ka tuna kafin 1927 Tasawa ce hedikwatar yankin nan, don haka tsohon abin da ya shafi Maraɗi ƙarƙashin Tessaoua za ka neme shi. A Najeriya akwai gidan ajiya na Kaduna da Arewa House. Amma in faɗa maka gaskiya, in kakanka ba sarki ba ne, ba mai gari ba, ba soja ba, bai kuma yi rigima da Nasara ba, da wuya ka ga sunansa a can. Na fi ba ka shawarar ka kashe kuɗin motar a kan zuwa ƙauyen da aka ce daga nan kuka taso, ka gai da mai gari da liman, ka ce a nuna maka kufan gidan da gonar. Zumunta a ƙafa take, wannan binciken ma haka.

Game da takardun masu rai kuwa, kada tarihi ya ruɗe ka ka ce za ka mai da kowa ga rubutu ɗaya. Wanda ke kan takardar haihuwar mutum, shi ne nasa, ko da karkatacce ne, sauran takardunsa su bi shi harafi da harafi. In sun saɓa, a je kotu a gyara tun yaro bai kai ajin jarrabawa ba. In an yi maka haihuwa, ka je da kanka wurin rajista cikin kwana 60 da dokar 2019 ta tanada, ka rubuta sunan a ƴar takarda da manyan haruffa ka miƙa, ka karanta abin da aka rubuta kafin a buga hatimi. Kada ka aiki maƙwabci.

Littafin nawa yanzu na yi masa kwafi uku, ɗaya wurin baffana, ɗaya ya tafi Kano, ɗaya yana wurina. A shafin farko na rubuta Usmanu da ajami yadda shi ya rubuta kansa, a ƙasa na jera sauran bakwai ɗin, kowanne da shekararsa da garinsa. Na kai wa Iya na nuna mata, ko da yake ba ta karatu. Ta shafa shafin da tafin hannu, ta tambaye ni wanne ne nasa. Na ce duka. Ta ce, "To, karanta mini na Nasaran in ji." Na karanta mata Sékaraou yadda Bafaranshe zai faɗa. Ta yi dariya har da tari, ta ce wannan kam ko a gabansa ta iya faɗinsa, don ba shi ba ne.